Tozalin da Ya Ƙi Niƙuwa

Ku 'ya'yana da jikokina, na gaji da jin labarin nan a bakin ƙanwata Asabe. Duk biki, duk suna, sai ta tara ku ta ce wai ni ce na tona wa ubanmu asiri a tsakiyar kasuwar Kurmi. Ita lokacin tana can gidan aurenta a Zariya, sai da aka yi wata biyu da gama komai sannan ta zo ta tsinci ƙarshen zance, amma yau ta fi mu da muke wurin sani. Ƙanwata ce, ina son ta, sai dai bakinta ya fi ƙafarta sauri. Don haka na sa tabarau na ɗauki biro, in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalina. Wanda ya ga na yi laifi ya faɗa mini ina raye.

Gidanmu na Shahuci gidan tozali ne tun kaka da kakanni. Mu a wajenmu dutsen shi ne tozali, in an niƙa shi ya yi laushi an ɗura a tandu sai ya zama kwalli. Maza su sayo dutse su zauna a rumfa, mata su niƙa a cikin gida. Baba kuwa, wanda kowa ke ce wa Malam Mai Tozali, ya wuce mai sayarwa kawai, shi ne alƙalin layin masu tozali a Kurmi. Duk wanda aka kawo wa dutse yana shakka, wurinsa zai nufa. Sai Baba ya karɓa ya jinjina a tafin hannu, ya karkata shi wajen haske, ya ce na gaske ne, ko ya ce kai da shi ka yi murhu. Maganarsa ɗaya ce, ba a ɗaukaka ƙara. Shi ya koya mini alamomin tun ina 'yar ƙarama: tozali na gaske yana da nauyin da ya fi girmansa, yana ƙyalli kamar sabon kwanon sha, in ka buga shi sai ya farfashe kusurwa huɗu-huɗu kamar sukari mai iyali, kuma taushi gare shi, ko wuƙar yanka kuɓewa tana kankare shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Inna kuma Bafulatana ce, ni ce 'yar fari, ita ma ba ta kama sunana, sai “ke” ko “'yar nan”. Na girma a gidan da ba mai faɗar sunana, amma kowa ni yake aika.

A shekarar da nake ba ku labari ina gidan babanku a Goron Dutse da 'ya'ya uku. Hannun Inna ya fara ciwo, don haka in Sallah ta matso nakan zo da safe in yi mata niƙa, in koma da la'asar. Saura mako uku Babbar Sallah sai ga Kawu Bello, ƙanen Inna, ya sauka da raguna daga can ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mutum ne dogo siriri mai yawan dariya, ba ya zuwa hannu biyu. Wannan karon tsarabar da ya yi wa Baba rabin buhun duwatsu ce baƙaƙe. Ya ce a hanyarsu akwai wani baƙin tsauni inda waɗansu Turawa suka yi ta huda ƙasa da inji suka tafi, suka bar tsibin duwatsu a bakin ramukan. Ya ɗaga ɗaya ya ji nauyi, ya ga baƙi, ya ce wannan ai abincin surukina ne. Bawan Allah, raguna ya sani, ina ruwansa da dutse. Maimakon ya kawo gida, sai ya sa aka sauke buhun a rumfar Baba, a gaban mutane.

'Yan layi suka taru. Baba ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya karkata shi wajen haske kamar yadda ya saba, ya sake jinjinawa. Sannan ya ce tozali ne na asali, irin wanda rabonsa da gani tun zamanin mahaifinsa. Nan take ya ba kowane mai rumfa dunƙule guda tukuicin ido, ya ce kwallin Sallar bana daga wannan zai fito, 'yan kolin ƙauye da za su zo sari su shaida. Har ya ce wa Kawu Bello baɗi ya ciko mota.

Washegari aka kawo mini buhun. Na yi bisimilla na ɗora dunƙule a kan dutsen niƙa na danna. Wayyo haƙorana! Ƙarar da ya yi sai da kajin Inna suka watse. Tozali in kana niƙa shi lumus yake bi, wannan kuwa tirjewa yake kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na ƙara ƙarfi har gumi ya keto mini, ɗan garin da ya fito na shafa a bayan hannu. Kwalli baƙi ne mai ɗan toka-toka da sheƙi. Wannan ruwan ƙasa ne, kamar garin goron da ya bushe, ga shi da tsakuwa-tsakuwa. Na ɗauko wuƙa na kankara, wuƙar ce ta ji jiki. Haushi ya kama ni, na jawo guduma na sauke masa. Ya rabe biyu, ni kuma na saki baki. Cikinsa kore ne, kore shar kamar sabon ganyen zogale, ɗigo-ɗigo a cikin dutsen, wani kamar ƙwayar dawa wani kamar wake, wani wurin ya kai faɗin farcen babban yatsa, yana ɗaukar ido kamar fasasshiyar kwalba. Shekara ashirin ina niƙa, ban taɓa ganin tozali mai koren ciki ba.

Na ƙwala wa Inna kira. Ta zo ta leƙa, ta ja da baya tana a'uziyya.

“Rufe shi, 'yar nan. Rufe kafin ya shigo.”

“Inna, wannan ba tozali ba ne. Yaya aka yi Baba bai gane ba? Ko ƙyalli ba ya yi.”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa.

“Ke kaɗai ce ba ki sani ba? Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Wa kike zato yake jera masa takalmi a wuri ɗaya kullum? Wa yake ce masa ga miya ta dama ga tuwo ta hagu kamar ina hira?”

Na tuna yadda Baba ya daina karatu da rana yana cewa ya fi son tilawa da ka, da yadda yake ce wa jikokinsa “wane ne wannan ɗan ƙwal ɗin?” muna dariya muna cewa wasa yake. Mai sayar da maganin ido, ido ya tafi, ya kuma gwammace ya mutu da a ji. Inna ta ce dabara ɗaya ce: akwai ragowar tsohon tozali a cikin randa, in niƙa shi in ce na sabon ne, buhun kuma mu zuba a tsohuwar rijiya. Wallahi na so dabarar nan, don ta fi sauƙi. Amma na lissafa a raina: ragowar ba za ta cika tandu talatin ba, ga dunƙule ya riga ya shiga hannun mutum goma sha, ga 'yan koli za su saya da sunan Baba su kai ƙauye, a niƙa a zizara wa jarirai ranar suna. Wannan tsakuwar a idon ɗan kwana bakwai! Ranar da ido ɗaya ya lalace, sunan da aka gina tun kakanni ya rushe, kuma Baba ne zai ji a bakin duniya. In na faɗa masa, na tsaga masa rigar da yake rufe jikinsa da ita. In na yi shiru, wasu za su tsaga masa a kasuwa.

Na ƙulle ɓarin a gefen zane na tafi da shi gida, na ajiye a kan taga ina ta saƙa da warwara. Bayan 'yan kwanaki na duba, sai na ga koren ya fara dusashewa, yana komawa baƙi kamar bayansa. Da na gaya wa Inna sai ta ce shi ke nan, dukiyar aljanu Bello ya kwaso mana, a nemo malami. Babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Lokacin shi direba ne a jami'a, shi yake kwasar ɗalibai masu karatun duwatsu ya kai su daji.

“Malamin da za a nemo ina da shi,” in ji shi. “Akwai wani Dokta a wajenmu, in ya ga dutse mantawa yake da abinci. Ran nan sai da muka bar shi a kan tsauni muka dawo ɗaukarsa. Shirya gobe mu je.”

Muka je da dunƙule uku. Dokta ɗan gajere ne mutumin Jos, ofishinsa ko wurin zama babu, duwatsu har kan kujera. Ya karɓi ɗaya yana hamma, ya ce baƙin dutse ai ya cika duniya. Na ce a ba ni guduma. Ya dubi babanku, babanku ya ce a ba ta, ta fi ka iyawa. Na sauke masa sau ɗaya. Jama'a, na ga babban mutum mai digiri ya yi tsalle! Ya fizge ɓarin ya ruga taga, ya kafa wani ɗan gilashi a ido, yana ta surutu da Turanci shi kaɗai. Ya goga shi a bayan wani farin tangaran, zane ya fito ruwan ƙasa. Ya kankara da wuƙa, ta ƙi ci. Ya ɗora a sikeli.

“Malama, wa ya koya miki duba launin gari?”

“Dutsen niƙa,” na ce. “Kai da tangaran kake yi, mu da gumi.”

Ya zaunar da ni a kan wani akwati ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi har yau don sau uku na sa ya maimaita. Ya ce tozalinmu dangin dalma ne, shi ya sa yake da nauyi da taushi. Wannan kuwa dangin wani ƙarfe ne da ake kira manganis, wanda ake zubawa a narkakken ƙarfe don ya yi tauri, kuma baƙin garin nan na cikin batirin tocila ɗan'uwansa ne. Baƙaƙen danginsa suna da yawa, ana kwasarsu mota-mota. Amma wannan koren, mai suna manganosait, samunsa sai an tona. Ba ya zama a saman ƙasa domin iska ce abokiyar gabarsa. Can ƙarƙashi yake samuwa, inda zafi ya gasa dutse shekaru aru-aru ba tare da iska ta shiga ba. Da zarar an fasa shi ya sha iska sai ya fara rikiɗa, a hankali ya koma baƙi irin na sauran dangi. Shi ya sa sai a bakin rami mai zurfi Kawu Bello ya tsince shi, shi ya sa kuma na kan tagata ya sauya. Ya ce wuraren da aka san ana samunsa a duniya ba su da yawa, ya ambaci Suwidin da Amurka da Japan, da kuma ƙasar da Kawu ya fito. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ɗan mitsitsi a cikin kwalba, lokacin yana karatu a Turai. Ya ce sai ya aika an gwada kafin ya rantse, daga baya kuma aka gwada aka ce shi ne.

“To ana sa shi a ido?” na tambaya, don ni abin da ya kawo ni ke nan.

“Ido? Allah ya kiyaye! Wannan ai gilashi yake kartawa. Kai, ko naku na gasken ma, dalmar da ke ciki ba ta da kyau ga jarirai.”

“Dokta, wannan faɗan na wata rana ne. Yau da guda ɗaya na zo.”

Maganarsa ta zauna mini duk da haka, shi ya sa ba wanda na zizara wa kwalli a cikinku ku 'yan baya sai da kuka yi wayo. Ya roƙe ni in bar masa dunƙulen, har yana haɗa hannu. Na bar masa biyu. Kafin mu fita ya riga ya jefa ɓarin a kwalba ya toshe bakin da kakin zuma, yana lallaɓa ta kamar mai jego. A mota babanku yana ta tsokanata wai ashe 'yar masu arziki ya aura bai sani ba. Ni ko murmushi na kasa, don na san abin da ke jirana a Shahuci.

Washegari da hantsi na sami Baba a soro yana shan koko kafin ya fita kasuwa. Na gaishe shi na zauna. Na yi niyyar in bi ta bayan gida da magana, amma kun san ni, ban iya kwana-kwana ba.

“Baba, dutsen Kawu ba tozali ba ne.”

Ya ajiye ludayi.

“Uwata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Hannunki ne ya yi sanyi. Ƙara ƙarfi.”

Na fito da dunƙulen da guduma, na fasa a gabansa a kan dokin ƙofa. Na zaɓi ɓarin da korensa ya fi faɗi, na buɗe tafin hannunsa na ɗora, na juya shi wajen hasken ƙofa.

“Baba, wane launi ne wannan?”

Ya karkata shi, ya matso da shi, ya nisanta.

“Wace irin tambaya ce wannan? Baƙi ne mana, baƙi ƙirin.”

“Kore ne, Baba. Kore shar.”

Na ji Inna a bayan ƙyaure ta saki wani ɗan sauti. Baba ya daɗe riƙe da dutsen, yana shafa shi da babban yatsa. Ni kuma hawaye ya ɓalle mini, na shiga zuba kamar kanya, ina faɗar Dokta da manganis da jarirai da 'yan koli, duk a cakuɗe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, a hankali:

“Ke. Tashi ki tafi gidan mijinki.”

“Ke” ya ce. Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini haka ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na tashi na tafi, ina tafe ina kuka har Goron Dutse, mutane suna tambayata wa ya rasu. Kwana shida ban taka Shahuci ba, kuma na ji ko kasuwa bai fita ba, ya ce zazzaɓi yake. Inna ta aiko mini da saƙo kala-kala, yau ta ce na kyauta, gobe ta ce na kashe mata miji. Na rame, na ƙone tuwo sau biyu. Babanku ya ce in kwantar da hankalina, ciwon ido sai haƙuri. Na ce masa in ya ƙara yi mini karin magana zai kwana da yunwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san ko na gyara ko na ɓata ba, ga Sallah saura kwana tara, 'yan koli sun fara shigowa gari.

Rana ta bakwai da safe Inna da kanta ta zo, ita da ba ta zuwa gidan suruki. Ta tsaya a tsakar gida ko zama ba ta yi ba.

“Ya ce a ce wa Uwarsa ta ɗauko mayafi da gudumarta.”

A zamanin nan matar aure mai shekaruna ba ta shiga Kurmi haka kawai. Babanku ya ce je ki, ni ma ga ni nan bayanku, wannan kallon ba zai wuce ni ba. Na sami Baba ya sha babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya naɗa rawani. Bai ce mini komai ba sai “mu je”. Yana gaba ina biye, wani ɗan dako ya ɗauko buhun. Ya san hanyar da ƙafa, ko tuntuɓe bai yi ba, yana amsa gaisuwa dama da hagu.

Da muka isa ya ƙi zama. Ya sa aka kira masu rumfa kaf, da 'yan kolin da suka iso, ya ce kowa ya zo da dunƙulen da ya ba shi. Layi ya cika, har masu turare da masu tandu suka leƙo. Alhaji Tanko, maƙwabcin rumfarsa kuma abokinsa tun suna samari, ya tsaya kusa da shi. Baba ya ce in fasa ɗaya. Na fasa. Ya karɓa ya ɗaga sama.

“Jama'a, wane launi kuke gani?”

Aka yi ta kallon juna. Can wani ɗan koli daga baya ya ce, “Kore ne, Malam!” Sai kowa ya ɗauka, kore ne, kore ne, ana ta turereniya a gani, wani yana salati wani yana cewa zumurrudu ne.

“To ni baƙi nake gani,” in ji Baba, da muryar da ta kai ƙarshen layi. “Shekara uku ke nan ban ga ƙyallin tozali ba. Ranar da aka kawo wannan, hannuna ya gaya mini bai kai nauyi ba, amma kun zuba mini ido, ga surukina a tsaye, sai girman kai ya hana ni in ce ban gani ba. Na ce muku tozali ne. Ba tozali ba ne, kada wanda ya kusanta shi da ido. 'Yata ce ta gane, ni ban gane ba. Wanda zai daina kawo mini dutse daga yau, bai yi laifi ba.”

Na sunkuyar da kai ina jiran ƙasa ta tsage. Sai na ji wani yana dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji Tanko ne, har rawaninsa yana girgiza.

“Malam, yanzu wannan ne labarin da ka tara mu ka ba mu? Ai mun fi shekara biyu da sani.”

“Kun san me?”

“Kai ba ka lura duk wanda zai gaishe ka sai ya faɗi sunansa ba? ‘Salamu alaikum, Tanko ne.’ Shekara arba'in muna tare, ni zan riƙa gaya maka ni ne Tanko? Bencin nan da a da yake bakin rumfata, wa ya ce maka don kaina na mayar da shi ciki? Ko mai shayi ya san ya miƙa maka kofi ta wajen mariƙi.”

Layi ya ɗauki dariya. Wani ya ce shi ne yake kawar da bawon ayaba kullum da safe. Wani ya ce ran nan Malam ya gaida buhun kanwa, shi ya amsa masa don kada ya ji kunya. Baba ya tsaya baki buɗe, ya juya nan ya juya can.

“'Yan banza!” ya ce. “Kuka bar ni ina ta wahalar ɓoyo ni kaɗai?”

“To wa zai faɗa maka?” in ji Alhaji Tanko. “Dutsen nan tun ranar na ga ba ya ƙyalli. Na kai shi ƙarƙashin benci na ajiye, ina ta addu'a Allah ya kawo mai ƙarfin hali kafin 'yan koli su saya. Mu duk da gemunanmu muka kasa, sai ga ta.” Ya daina dariya ya kama hannun Baba. “Kuma batun daina kawo maka dutse, bar shi. Mutumin da zai tara kasuwa ya ce na yi kuskure, wa muke da shi kamarsa? Ita ta duba, kai ka jinjina, mu mu ji daga bakinka.”

Na dubi Baba. Na ga gemunsa yana motsi, ya sa gefen rawani ya goge fuska, ya ce hayaƙin masu tsire ne. Aka tattara dunƙulen aka mayar buhu, babu ko ɗaya da ya ɓace. Babanku ya ce Dokta zai yi Sallah biyu a bana, kuma haka aka yi, don har gida ya zo godiya da kwalaben kakin zumarsa, Inna tana leƙensa ta taga tana cewa wannan ma a nema masa malami. Kwallin Sallah kuwa masu rumfa suka haɗa mana tozali daga nasu, na kwana huɗu ina niƙa har hannuna ya yi kanta. Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne a wajena: daga ranar, duk Laraba sai na bar gidana na je na zauna a bayan rumfa ina duba dutse, mata suna zunɗena, dangin babanku suna cewa ya sake mini da yawa. Shekara goma sha ɗaya ina yi, har Baba ya koma ga Allah. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya.

Amma bari in koma ranar. Da taro ya watse muka kamo hanyar gida, yana gaba ina biye kamar yadda muka zo. Muka fito daga kasuwa, muka shiga lungun da zai kai mu Shahuci, inda wata kwata ta ratsa hanya. Sai ya tsaya cak. Na zaci faɗan da ya ajiye mini ne zai sauke, na gyara tsayuwa. Ya miƙo hannu baya, bai juyo ba.

“Riƙe ni mana, tunda kowa ya sani. Shekara uku ina faɗawa kwatar nan ina cewa santsi ne.”

Na kama hannunsa muka tsallaka. Bai sake ni ba har ƙofar gida.